Abin da Aka Samu a Jinin Sabitu

Misfala, Makka
Goman tsakiya na azumi

Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Ya ƙishirwa, ya kuma ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, ba ciwon kai ba na ciki.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Na san Inna, da ta ji muryata za ta karɓe wayar, ni kuma ban taɓa yi mata ƙarya ta kwana ba. Shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo miki. Ki karanta a makaranta, ba a gida ba.

Yaya, an kama ni. An ce na yi tuƙi cikin maye.

Na san kin koma kin sake karanta layin nan. Ni ma tun ranar nake maimaita shi, har yau bai shiga kaina ba. Ran Talatar da ta wuce, bayan mun sha ruwa, na kwaso 'yan umara daga masaukinsu na Aziziyya zan kai su Harami sallar asham, aikin da nake yi kullum da bas ɗin kamfani. Tun a hanya na ji kaina ya yi nauyi, na ɗauka rashin barci ne. Muna gab da shiga ramin nan da aka fasa cikin dutse sai na goga gefen motar da shingen kankare. Madubi ya fita, wata tsohuwa 'yar Indonesiya ta zubar da dabinonta, iyakar ɓarnar ke nan. Askarawan hanya, waɗanda a nan ake ce wa murur, suka zo. Ɗaya ya matso yana neman igamata, wato takardar izinin zamana, da lasisi, ina buɗe baki zan yi bayani sai na ga ya ja da baya ya kira ɗan'uwansa. Suka ba ni wani abu na hura. Suka kalli abin, suka kalle ni. Daga nan sai asibiti aka ɗebi jinina, daga asibiti sai bayan kanta.

Sai da kafilina Nawaf, wanda nake aiki da sunansa, ya zo ya sa hannu aka sake ni kafin a shiga gaban alƙali. Ya ɗauko ni a motarsa. Da muka iso ya miƙo hannu, na ɗauka musabaha za mu yi, ashe makullin bas yake nufi.

Ni da warin taba ke sa tari, Yaya. A Makka, cikin azumi. A ina ma zan ga giyar? Tunda na zo garin nan ban taɓa ganin ko kwalbarta ba.

Na tambayi mutanenmu hukuncin, kowa da tasa. Wani ya ce bulala, wani ya ce an daina bulala, sai tara da ɗauri. Abu ɗaya ne bakinsu ya zo ɗaya a kai: baƙo irina ƙarshensa tarhil, wato a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu, kuma ba lalle ya sake shigowa ba. Kin ga inda hankalina ya tafi. Na yi wa Inna alkawarin bayan Sallah za ta zo umara, ni zan tarbe ta, ni zan tura ta a keke in zaga Ka'aba da ita. In aka kore ni, wurin wa za ta zo?

Kada ki gaya mata tukuna. Ana jiran sakamakon jini, na tabbata shi zai wanke ni.

Ƙaninki,
Sabitu

Funtuwa

Sabitu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana neman fin ƙarfinmu. Kullum da la'asar sai ta ɗauki sanda ta yi ta zaga tsakar gida, wai tana koya wa gwiwarta ɗawafi, ba ta son keken nan da kake faɗa.

Na karanta takardarka a ofishin malamai, na shiga aji ban san abin da na koyar ba.

Ka ce kada in gaya wa kowa, to ka makara. Alhaji Isma'il mai taki ya dawo daga umara, labarin ya riga takardarka isowa. A bakinsa, kwalabe aka samu ƙarƙashin kujerarka. A bakin matarsa, mutane ka tattake. Shekaranjiya a wurin niƙa wata ta ja ni gefe tana tambaya cikin tausayi ko gaskiya ne za a sare maka hannu. Inna ce kaɗai ba ta ji ba, don na hana mata baƙi, na ce likita ya ce ta huta.

Yanzu zan tambaye ka, ni da na goya ka, kuma ba zan sake tambaya ba. Ka sha? In ka sha ka faɗa min, in san irin kukan da zan yi. In ba ka sha ba, to me ya ja askari da baya? Hancinsa bai san ka ba balle ya yi maka ƙazafi. Ni kaina ya kulle, don na san ka tun kana tsoron shiga kantin da ake saida sigari, amma kuma na san mutum yana tafiya ya sauya.

Malam ya ce ka duba turaren da kake fesawa, wai wani akwai sinadarin giya a ciki. Ni kuma na tuna maganin tari. Ka zauna ka tuna duk abin da ya shiga bakinka ranar, da wanda ya ba ka. Ka kuma faɗa min su wa kake zama da su.

Yayarka,
Hadijatu

Misfala
Goman ƙarshe

Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida Inna. Ina nan lafiya, in zaman ɗaki lafiya ne.

Ban sha ba. Na rantse da Ubangijin Ka'abar da nake gani in na hau soron gidanmu.

Amma sakamakon jini ya fito, kuma an samu giya a ciki. Jami'in da ke binciken maganar ya juyo min da takardar ya ɗora yatsa a kan lambar. Tijjani ne ya yi min tafinta, maƙwabcina ne, haifaffen nan, iyayensa Hausawa ne da suka zo ta Sudan, Hausarsa rabi Larabci ce. Na ce masa ya ce an yi kuskure, jinin wani ne. Mai binciken ya yi murmushi ya ce duk wanda ya zauna a kujerar nan jinin wani ne. Na kawo maganar turare, ya tambaye ni ko shan turaren nake yi.

Na yi abin da kika ce. Ranar ba abin da ya shiga bakina sai ruwa, dabino, sambusa, da sobiya. Sobiya wani abin sha ne fari kamar kunun zaki, da sha'ir ake yin sa, duk Makka shi ake buɗa-baki da shi, har askarawan. Ba na shan maganin tari. Ba na zama da kowa sai Tijjani. Abincin kowa ba na ci sai na Baraka, ita ke ajiye min abin shan ruwa kullum, ko na miƙa kuɗi ba ta karɓa, sai ta ce ai ni nata ne.

Yaya, abin ya kai ina zargin kaina. Ina zaune sai in ce ko akwai wani Sabitu da ke fita da jikina ban sani ba. Abin da kawai na gode wa Allah a kai shi ne barci. Da na sha ruwa sai in ji damuwar ta lafa, in kwanta kamar ba ni ne ke da shari'a ba.

An sa ranar shiga gaban alƙali bayan Sallah.

Sabitu

Funtuwa
Bayan Sallah

Sabitu,

Barka da Sallah, in kana da bakin amsawa. Na kira ba ka ɗauka ba, na rubuta ba ka buɗe ba. Inna ta zauna da wayata a cinya tun daga saukowa idi har la'asar tana jiran ka yi mata barka. Na ce mata aiki ne ya yi maka yawa. Ta ce to.

Wace ce Baraka?

Shekara nawa kana can ba ka taɓa ambaton sunanta ba sai yanzu. Mace tana ba ka abinci kullum, ba ta karɓar kuɗi, tana cewa kai nata ne, kai kuma ka rubuta min wannan kamar labarin farashin tumatir. Autan Inna, wayonka a tuƙi ya ƙare. Na nuna wa Malam, shi ma ya girgiza kai. Ba ma son zargi, amma mace in tana son ta riƙe namiji a ƙasar da ba shi da kowa, ba abin da ba ta zubawa a kofi. Ko dai ita, ko wani da ke son ta yake neman ya kawar da kai. Ka daina cin komai daga hannunta. In kuma aure kuka shirya, ka faɗa min a rana ɗaya in haɗa baƙin cikin.

Ka ba ni amsa, ko layi ɗaya ne. Shirun nan ya sa jiya na fara yarda da matar Alhaji Isma'il.

Hadijatu

Misfala

Yaya Hadijatu,

Barkanmu da Sallah. Ki yafe min shirun, ki ba Inna haƙuri. Ba aiki ba ne, kunya ce ta hana ni taɓa waya.

Na fara da Baraka, don ki kwantar da hankalinki. Hajiya Baraka ta girmi Inna. Haƙoranta na gaba biyu ne suka rage, ɗayan ma yana shirin tafiya. Na yi dariya da na karanta takardarki, ita ce dariyata ta farko tun da abin ya faru.

Amma kin yi gaskiya ta wani gefen, daga kofinta abin ya fito.

Ranar Sallah Tijjani ya shigo ɗakina yi min barka. Ba ni da abin ba baƙo, sai na jawo jarkata daga bayan ƙofa na tsiyaya masa sobiya. Ya kai baki, ya furzar a kan dardumata. Ya ce, "Esh hada? Mene ne wannan? Ya Sabitu, wannan na yaushe ne?" Na ce ba na yaushe ba ne, na kullum ne. Na yi masa bayani. Hajiya Baraka tana ba ni babbar gora, ba na iya shanyewa, ni kuma ba a koya min zubar da abinci ba, balle na sadaka, balle a Makka. Sai in juye ragowar a jarka. Gobe in ƙara sabo a kan tsoho, kamar yadda Inna ke barin tsohon nono a ƙwarya ta zuba sabo a kai. Firjina ya lalace tun kafin azumi. Ke kin san ni da tsami, fura in ba ta kwana ba ba na jin daɗinta. Da na ga ta jarkar ta fi ɗanɗano har tana 'yar kumfa, sai na koma ita nake sha, sabuwar in juye.

Tijjani ya dafe kai. Ya ce, "Inta miskin, kai abin tausayi ne wallahi. Sobiya yau ake yi yau ake sha. In ta kwana uku a zafin nan, kalas, shi ke nan, ta zama giya. Duk yaron Makka ya san haka. Kai masana'anta ka buɗe a bayan ƙofa."

Kullum in Hajiya ta miƙo min gorar sai ta ce, "Ka shanye yau, ɗana." Ni na ɗauka irin maganar iyaye ce, kamar in Inna ta ce ka ci ka ƙoshi.

Yaya, barcin nan da na gode wa Allah a kai, ashe maye ne. Duk goman ƙarshe da ta jarkar nake buɗa-baki, in tashi in tafi masallaci. Na je na tambayi wani malami matsayin sallolina, ya ce wanda bai sani ba ba shi da laifi wurin Allah. Na ce to wurin murur fa? Ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Na ɗauka tunda an gano, shi ke nan. Muka koma wurin mai binciken da jarkar. Ya shinshina, ya ce wannan ai shaida ce a kaina, ga abin maye a ɗakina na kawo da hannuna. Ya ce in da gaske sobiya ce, in faɗi wanda ke ba ni, a kira shi ya tabbatar. Wataƙila alƙali ya sassauta. Wataƙila ya ce, ban ji ya ce tabbas ba, na sa Tijjani ya maimaita min.

Ga inda na tsaya. Hajiya Baraka ba ta da takarda. Tana yarinya iyayenta suka taho da ita a ƙasa ta Chadi da Sudan. Nan ta yi aure, nan ta binne mijinta da 'ya'yanta biyu, igamarta ta mutu tare da mijin. Sobiyar ma a ɓoye take saidawa daga bakin ƙofa. Ranar da sunanta ya shiga ofishin nan, ita ma tarhil ne. Na taɓa tambayarta garinsu, ta ce tana jin kamar wajen Damagaram ne, akwai babbar rijiya.

Na ce wa mai binciken zan yi tunani. Na roƙi Tijjani kada ya faɗa wa kowa zancen jarkar, musamman ita, don na san ta, da ta ji za ta yafa mayafi ta tafi ofishin da ƙafarta.

Ban san abin da zan yi ba. Ki faɗa min.

Sabitu

Funtuwa

Sabitu,

Muna lafiya. Inna ba ta da lafiya.

Ta ji. Matan unguwa sun shigo yi mata jaje ina makaranta. Da na dawo na tarar da ita a ɗaki, sandar tana jingine a waje. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe shi ya sa bai kira ba." Tun ranar ba ta sake zaga tsakar gida ba.

Na karanta zancen jarkarka, ban san ko in yi dariya ko in zo in mare ka ba. Duk Makka kai kaɗai ka ga ya kamata ka kai musu dabarar nono. Na yarda da kai, wannan wautar ba mai iya ƙirƙirarta sai kai.

Ka ce in faɗa maka abin yi. Ka faɗi sunanta. Na dai rubuta. Tsofaffi biyu ne, ɗaya ta haife ka, ɗaya ta ba ka kunu. Ita waccan ta ga Ka'aba har ta gaji da gani, taka ko sau ɗaya ba ta gani ba, kuma ba ta da shekarun jira. Sunanka ya ɓaci a garin nan, ko liman ya daina tambayata kai.

Da na gama rubuta wannan na kwanta, sai na yi ta ganin tsohuwar an sauke ta a filin jirgi tana tambayar mutane ina garin da ke da babbar rijiya. Na tashi zan yaga takardar, na fasa. Kuma ka ce wataƙila ne. In ka ba da ita aka kore ku ku biyu fa? Ni ban sani ba, Sabitu. Ni malamar aji uku ce, ba a taɓa kawo min irin wannan ba.

Ban gaya wa Inna zancen sobiyar ba, don ban san ko ka yarda ba. Ka bar ni in faɗa mata, ko ta samu ta ci abinci.

Yayarka,
Hadijatu

Makka

Yaya,

Ina gaishe ki. Wannan Tijjani ne zai ɗauki hotonta ya turo, don an karɓi wayata. Ina tsare, amma lafiyata ƙalau, ana ba mu abinci.

Ki faɗa wa Inna komai, ita kaɗai. Ki ce ta riƙe a cikinta, don maganar Funtuwa ba ta wuce sati take isowa Misfala.

Mun shiga gaban alƙali. Dattijo ne, bai yi min tsawa ba. Na ba shi labarin jarkar daga farko har ƙarshe, na ga kamar ya so ya yi dariya ya danne. Ya ce mota cike da baƙin Allah na ɗauka, da shingen bai tare ni ba fa? Gaskiya ya faɗa. Sannan ya tambaye ni wa ke ba ni sobiyar. Wallahi har na shiga ɗakin ban yanke shawara ba, takardarki tana cikin wayar da ke aljihuna, rabinta na cewa in faɗa, rabi na cewa kada. Na buɗe baki, sai na ji na ce ba zan iya faɗa ba. Tijjani ya dube ni kafin ya fassara. Alƙalin ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya ce to ba shi da abin da zai riƙa sai jinin da jarkar.

Babu bulala. Akwai tara, akwai ɗauri na ɗan lokaci, daga nan tarhil. Na tambaya ko zan iya dawowa wata rana, ko da umara. Wani askari ya ce bayan shekaru, wani ya ce har abada. Nawaf ya aiko min da kayana a leda.

Ki ce wa Inna na karya alkawari, ta yafe min. Har yanzu in na kwanta ina lissafin ko daidai na yi, wani daren e, wani daren a'a. Kada ki ce zan zo miki da amsa.

Jiya Tijjani ya zo da saƙo daga Hajiya Baraka. Ita ma ta ji abin da duk Misfala ta ji, cewa an ɗaure ni kan giya. Ya ce ta yi kuka. Ta ce yaron da take ba abin buɗa-baki da hannunta, ashe daga ƙofarta wurin shan giya yake wucewa, a watan azumi, a garin Manzo. Ta ce ba ta taɓa jin kunyar Bahaushe irin wannan ba, kada in sake cewa ni nata ne. Amma ta ce a gaya min ba ta fasa yi min addu'ar shiriya ba.

Tijjani ya riƙe ƙarfen tagar ya ce, "Bari in gaya mata, ya Sabitu. Haram ta tafi da wannan a ranta." Na ce a'a. Na ce ya ce mata na ji, na gode, ta ci gaba da addu'ar.

In an sa ranar jirgi zai sanar da ke. Ki zo Kano ke kaɗai.

Ƙaninki,
Sabitu